Masallacin da Ya Koma Ɗakin Karatu: Labarin Dandaji da Maganar Tsohon Ofishinmu

 

Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, wannan shafi yakan ɗauko tarihin wata hanya ko wata kasuwa da kakanninmu suka ci. Bana mun ɗauko tarihin gini ne, wato ɗakin karatun jama'a na garin Dandaji a ƙasar Adar. Muna da dalili. Kowa ya san maganar da ke gaban kwamiti: idan mun tare a sabon ofis, me za a yi da tsohon ɗakinmu na Amutibe? Wasu sun ce a rushe a fitar da shaguna, wasu sun ce a ba da shi haya a matsayin magaza. Kafin a yanke, muna so a ji yadda wani ƙaramin garin Hausawa ya yi da nasa tsohon ginin lokacin da ya yi masa kaɗan.

Dandaji yana cikin yankin Illela ta Nijar, a jihar Tawa. Mutanensa kimanin 3,000 ne, yawancinsu yara da matasa. 'Yan uwanmu masu ɗauko albasa daga Galmi da masu sayen dabbobi a Badagishiri sun san wannan ƙasa sarai, wasunmu ma can aka yanke musu cibiya. Ƙasa ce mai jan dutse da zafin rana, itace ya yi ƙaranci, samarinta kuwa da an gama girbi sai su kamo hanyar Lome, Kwatano, Ankara ko Abijan neman na kansu. A irin wannan wuri ne aka sami ɗakin karatun da masana gini na duniya suke ambata.

Maginin da ake kira Falke

Ba za a gane ginin Dandaji ba sai an san yadda Bahaushe yake gini tun asali. Magini yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsima, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. Da shi ake tayar da bango, gindinsa da kauri, yana hawa yana sirancewa. Wajen rufi kuwa, azara ita ce ƙashin bayan aiki. Ana samun ta daga itacen giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta yi yawa, sai magina suka gano dabarar jera ta hawa-hawa daga bango biyu, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna aka rufe tsakaninsu, sai a sami ɗaurin guga daga ciki, tulluwa daga waje. Daga nan sai a yi yaɓe da makuba, a sa indararo domin ruwan sama ya zuba nesa da bango. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina wajen shekarun 1830, shi ne aka fi kafa misali da shi a wannan sana'a.

A ƙasar Adar, wanda ya ɗaga sana'ar a zamaninmu shi ne Alhaji Falke Barmu, mutumin garin Yama. Ku dubi sunan da kyau: falke, wato tilon fatake, sunan sana'armu ke nan. Shi dai manomi ne kuma magini. A 1962 mutanen Yama suka ba shi aikin gina musu masallacin Juma'a. Gayya aka yi, wasu na buga tubali, wasu na jan ruwa, wasu na neman itace. Ginin farko mai sauƙi ne, ɗaki mai kusurwa huɗu da ginshiƙai. A 1975 ya koma ya sake rufin, ya sa bakuna da tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar uwarta. A 1986 masallacin Yama ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda tana cikin manyan kyaututtukan duniya a wannan fanni. Aikin shekara 20 ke nan na mutumin karkara da jama'arsa, da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunsu.

Wannan Falke Barmu shi ne ya tsara tsohon masallacin Juma'a na Dandaji. Amma ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: sai ana kula da shi. Kowace damina tana ɗan cin bango, idan ba a maimaita yaɓe ba sai ya fara zaizayewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da can gayya ce ke yin wannan aiki bayan girbi. Da samari suka riƙa tafiya cin rani, hannun aiki ya ragu. Ga shi kuma jama'a ta ƙaru, masallacin ba ya ɗaukar masallata ranar Juma'a. Sai shawara ta tsaya a kan abin da muka saba gani ko'ina: a rushe, a gina babba da siminti.

Yadda aka fasa rushewa

Mata biyu masu zanen gini ne suka kawo wata shawara dabam. Ɗaya 'yar Nijar ce, Mariam Issoufou Kamara, wadda ta fara da aikin kwamfuta a Amurka kafin ta koma makaranta ta karanci zanen gini a Jami'ar Washington, ta kuma buɗe ofishinta mai suna Atelier Masomi a Yamai a 2014. Ɗayar kuwa Yasaman Esmaili ce, 'yar Iran. Abin da suka ce shi ne: a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 kamar yadda jama'a ke so, amma a fili na kusa. Tsohon kuwa a gyara shi, a mai da shi ɗakin karatu na gari. Jama'a suka amince, aka kammala aikin a 2018.

Sunan da aka ba wurin duka shi ne Hikma. An ɗauko shi daga Baitul Hikma na Bagadaza, gidan littattafai da fassara na zamanin Abbasiyawa wanda ya bunƙasa a mulkin Halifa Ma'amun, daga 813 zuwa 833. A can Alkawarizmi ya yi aiki, mutumin da littafinsa ya ba lissafin aljabara sunansa. Masu zanen sun so su tuna wa mutane cewa karatun addini da ilimin lissafi da magani sun taɓa zama a inuwa ɗaya.

Abu na farko da aka yi wajen gyaran shi ne neman maginan da suka yi aikin tsohon masallacin tun farko, aka gayyato su cikin ma'aikata. Su suka san inda kowane bako ya kwanta da irin ƙasar da aka kwaɓa. Su kuma a nasu ɓangaren suka koyi sababbin abubuwan da ake haɗawa da ƙasa domin ta ƙara ƙarfi, da dabarun hana ruwa cin bango. Ba a canza siffar ginin ba. Ginshiƙansa masu kauri suna nan, rufinsa yana nan. A tsakanin ginshiƙan, inda sahu yake tsayawa da, nan aka jera kantocin littattafai da wuraren zama. Da yake rufin yana da tsawo, aka shigar da ɗan bene a ciki mai matakala, aka ƙara samun wurin karatu ba tare da an faɗaɗa bango ba. Ƙarfe aka sa a ƙashin wannan bene saboda ƙarancin itace a yankin. Aka kuma tanadi azuzuwa, inda ake karatun manya da taron koyon sana'a.

Akwai hikima a sa littafi cikin ginin ƙasa. Abokan gabar takarda su ne zafi, hasken rana mai ƙarfi, danshi da gara. Bango mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, sai ya sake shi waje cikin sanyin dare. Shi ya sa zauren ƙasa yake da sanyi da azahar alhali ɗakin kwano ya zama tanderu. Tagogin masallacin kuwa ƙanana ne, haske na shiga daidai gwargwado. Abin da aka gina domin masallata su sami sanyi, sai ga shi ya dace da mai karatu da littafinsa.

Sabon masallacin ma da ƙasa aka gina shi, amma ta wata hanya. Ana tankaɗe jar ƙasar wurin, a ɗan jiƙa ta, yawanci a haɗa da siminti kaɗan, sannan a matse ta a inji ta fito bulo mai kusurwa daidai. Ba a gasa shi da wuta, saboda haka ba a ƙona itace ba. Yana da sanyin ginin ƙasa, kuma ba ya neman yaɓe duk shekara kamar tubalin hannu. Masallacin yana da ɗakunan salla biyu da fili a waje domin Juma'a da Idi, da wuraren alwala, da hasumiya, da gidan liman. An bar hanyoyin da iska ke shiga ta fita da kanta, babu buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. A ƙarƙashin ƙasa an yi tafkin da ke tara ruwan damina, daga nan ake ɗiga wa itatuwan da aka dasa a harabar.

Sabon ginin yana kallon tsohon, da fili da hanyoyi a tsakaninsu. Wanda ya zo salla sau biyar a rana, sau biyar zai ga ƙofar ɗakin karatu. Makarantar sakandaren garin tana karɓar yara daga ƙauyuka biyar na kewaye, ga shi sun sami inda za su zauna su yi bita. Mata ma, waɗanda da ba su cika zuwa wajen ba, suka sami dalilin shigowa saboda azuzuwan. Aikin ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, sannan ta azurfa ta duniya baki ɗaya a 2018. Mu 'yan kasuwa kuma ga wani abin da zai faranta mana: a wannan shekara ta 2018 ofishin Mariam ya gina wa Dandaji kasuwa a kewayen tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwar mako a gindinta, da rumfunan bulon ƙasa da faifan ƙarfe masu launi da ke ba da inuwa. Bishiyar ma ba a sare ta ba.

Abin da ya faru da Zangonmu

Mu a Lome mun san ɗaya fuskar wannan labari, wato abin da ke biyo bayan rushewa. Fatake Hausawa suna cikin waɗanda suka fara cin kasuwar wannan gari tun kafin Jamusawa su mai da shi babban birnin Togo a 1897. Da aka buɗe gadar jiragen ruwa a 1904 ciniki ya ƙaru, Zango ya cika da masu masauki, dillalai, mahauta, masu goro da malamai. A 1977 hukuma ta tashi Zango daga tsakiyar gari, aka mai da mutane kimanin kilomita 15 arewa, a kan hanyar Atakpame, inda ake kira Agwe-Zango yanzu. Mu da muka rage a nan Amutibe da kewaye, kullum muna wucewa ta gefen manyan gine-ginen da suka maye wurin.

Gidaje an sake gina su a sabon wuri. Abin da bai dawo ba shi ne abin da ke cikin gidajen. Dattawanmu suna ba da labarin gafakar littattafan malamai da aka raba wa dangi, da takardun bashi da wasiƙun ajami da aka cusa a buhu aka ajiye wajen maƙwabci, daga nan ba a sake jin duriyarsu ba. Yau idan ɗanmu yana son sanin yadda masu masauki da dillalan Zango suka gudanar da harkarsu, abin da za a miƙa masa shi ne littafin wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, wanda ya fito a 1983 da Faransanci. Mun gode masa da ya rubuta. Amma tarihin kakanninmu ne, kuma yawancin waɗanda suka ba shi labarin ba su iya karanta abin da ya fito ba.

Ga wani misali daga maƙwabtanmu. Alhaji Umaru na Kete-Karachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ɗan falke ne mai bin hanyar Gwanja. Ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Karachi, wadda a lokacin take ƙarƙashin Togo ta Jamus, ya rasu a can a 1934. Ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da ajami, wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ya tafi da rubuce-rubucen ƙasarsu. A shekarun 1960 aka gina madatsar Akosombo, ruwan tafkin Bolta ya cinye tsohon garin Karachi. Garin ya tafi, amma ana karanta Alhaji Umaru har yau, domin rubutunsa ya sami ma'ajiya a Jamus da kuma Jami'ar Gana da ke Legon. Takardar da ta sami ɗaki da mai kula da ita takan wuce garin da aka rubuta ta.

A nan Lome akwai Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda aka kafa a 1969, kuma muna ƙarfafa 'ya'yanmu 'yan lakwal su riƙa zuwa. Sai dai ba a gina shi domin takardun Zango ba. Littafin rajistar ƙungiyar fatake, ko wasiƙar da wani maigida ya aiko daga Birnin Ƙonni da ajami, ba za su kai kansu can ba. Idan mu ba mu tara su ba, babu mai tara mana.

Tsohon ɗakinmu na Amutibe

A cikin kabad biyu na tsohon ofis akwai littattafan rajista tun daga na farko, da sunayen waɗanda suka kafa ƙungiya da garuruwansu. Akwai takardun sulhu tsakanin masu kaya da masu mota, da rasiɗan duwan na shekarun da suka wuce, da jerin gudummawar da aka tara ranar da kayan wani suka ƙone ko aka kai gawar wani gida. Waɗannan takardu ba na ado ba ne. Sau nawa magada suka zo neman shaidar cewa mahaifinsu ya biya bashi, aka buɗe littafi aka kashe rigima? Sau nawa aka nemi tsohuwar yarjejeniya da 'yan tasha domin a tuna musu abin da aka sa wa hannu? Yanzu danshin teku ya fara manne shafukan, tawada tana bajewa, gara ta taɓa na ƙasa.

Ba muna cewa a kwaikwayi Dandaji tubali da tubali ba. Adar busasshiyar ƙasa ce, mu kuwa muna zaune a kan yashi tsakanin teku da tafki, damina biyu muke gani a shekara. Ɗakinmu ma na bulon siminti ne da kwano, babu wanda zai ba shi kyauta. Abin da za mu ɗauka daga can abu uku ne da suka yi. Sun ba tsohon gini sabon aiki maimakon su rushe shi. Sun kira waɗanda suka san shi tun farko suka sa su a aikin. Sun kuma ajiye karatu a kan hanyar da mutane ke bi kullum. Tsohon ofishinmu yana bakin hanyar masallaci da kasuwa, kowa ya san ƙofarsa, ba sai an yi wa kowa kwatance ba.

Masu cewa a fitar da shaguna suna da hujja, kuma ba mu raina ta ba. Kuɗin haya zai shiga asusun taimako, asusun kuwa shi ke ɗaukar marayu da waɗanda kayansu suka maƙale a iyaka. Sai dai a auna da wannan: shago idan an rasa shi bana ana iya gina wani baɗi, amma littafin rajista na farko guda ɗaya ne a duniya. Kuma gyaran da ɗakin ke nema bai kai kuɗin rushewa da sabon gini ba. A toshe yoyon kwano, a sa silin, a buɗe taga ta biyu domin iska ta ratsa, a ɗaga kantoci daga ƙasa, a sa tebur da benci da fitila. Idan kwamiti ya ga dama, ana iya yanke gaban ɗakin a yi shago ɗaya, hayarsa ta riƙa biyan wuta da ɗan alawus na mai riƙe makulli.

Amfanin ba zai tsaya ga tsofaffin takardu ba. Yaranmu da ke karatu a ɗaki guda da mutum takwas za su sami inda za su zauna da dare lokacin jarrabawa. Iyayenmu mata masu kai atamfa da kayan miya ƙetaren iyaka, waɗanda ake miƙa wa takarda da Faransanci ko Ingilishi a ce su dangwala, za a iya buɗe musu ajin karatu da lissafi kamar yadda ake yi a Dandaji. Dokokin duwan da na zirga-zirgar kaya tsakanin ƙasashe, waɗanda kowa ke ji a bakin wani, za a ajiye kwafinsu inda ɗan ƙungiya zai zo a karanta masa kafin ya ɗora kaya a mota.

Rokonmu ga iyayenmu dattawa shi ne, ku ne maginan farko na wannan ƙungiya, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Akwai sunaye a rajistar farko da babu wanda ya san masu su sai ku. Muna so a sa rana ku zauna da mu, a buɗe littafin shafi-shafi, ku faɗa muna rubutawa da boko da ajami. Duk wanda kuma yake da tsohuwar wasiƙa, hoto, ko littafin lissafin mahaifinsa a ƙasan akwati, ya kawo ofishin magatakarda a ɗauki hotonsa, a mayar masa da abinsa a hannu.

Za a kawo maganar ɗakin a babban taro mai zuwa. Muna fatan kowa ya zo da ra'ayinsa, na kusa da na kan hanya, kuma 'yan uwanmu Adarawa da suka taɓa shiga ginin Dandaji da ƙafarsu su tashi su faɗa wa taro abin da idonsu ya gani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, Ya kiyaye na kan hanya, Ya sa albarka a cinikinmu. Amin.